Albashin ƙaramin lauya: yadda za ka gane ko ana kwarar ka, da yadda ake neman ƙari

Wata Talata, bayan an ɗage shari'armu a babbar kotu da ke sakatariyar Audu Bako a Kano, wani yaro da bai wuce shekara biyu da zama lauya ba ya biyo ni har bakin mota. Rigarsa ta kotu da hular gashin suna cikin leda, takalminsa ya sha ƙurar hanya. Ya gaishe ni, ya ɗan yi jim, sannan ya ce, "Yaya, don Allah tambaya gare ni. Dubu sittin oga yake ba ni a wata. Wannan daidai ne?"

Na ce ya shigo mota, rana ta yi zafi. Abin da na gaya masa a cikin minti arba'in ɗin nan shi ne zan zayyana a nan, da ɗan ƙari, domin kusan duk wata sai wani ya yi mini irin wannan tambayar, kuma kullum a ɓoye, kamar mai tambayar maganin wata cuta ta kunya.

Amsar farko mai sauƙi ce: ba daidai ba ne. Mutumin da ya yi shekara 5 a jami'a, ya ƙara shekara guda a makarantar horas da lauyoyi, ko a Bagauda ko a Bwari ko a Yola, ya yi hidimar ƙasa, bai kamata ya karɓi abin da bai kai alawus ɗin ɗan hidimar ƙasa ba, wanda yanzu naira 77,000 ne. Mafi ƙarancin albashi a Najeriya tun watan Yulin 2024 naira 70,000 ne, gwamnatin Kano ma ta ce 71,000. Wato masinjan ma'aikatar gwamnati ya fi wannan yaron ɗauka, shi da ake ce wa Barista a unguwa, ake tashi a ba shi kujera a wurin ɗaurin aure.

Sai dai kasancewar abu ba daidai ba bai sa ya zama laifi a doka ba, kuma nan ne abin dariyar yake. Dokar mafi ƙarancin albashi ta cire duk wurin aikin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Ka lissafa ofisoshin lauyoyi na Kano da Kaduna da Sakkwato da Bauchi, nawa ne suke da ma'aikata 25? Yawanci oga ne, da ƙananan lauyoyi biyu ko uku, da sakatariya, da yaron aike. Dokar kuɗin aikin lauyoyi ta 2023 kuwa, wadda aka yi ta murna da ita, magana take a kan abin da lauya zai caji wanda ya kawo masa aiki, ba abin da babban lauya zai biya ƙaramin da ke ƙarƙashinsa ba. Ƙungiyar lauyoyi ta NBA ta sha tattauna maganar albashin matasa, an kafa kwamitoci, an yi jawabai a taruka, amma har yau abin da ke shiga aljihunka a ƙarshen wata magana ce tsakaninka da ogan ka. Mu da muke kai ƙarar masu kamfani kotun ma'aikata a kan haƙƙin leburori, mu ne ba mu da takardar ɗaukar aiki.

Ni ma da haka na fara. A 2014 dubu ashirin da biyar ake ba ni, a cikin ambulan, wani watan ranar 5, wani watan ranar 17, wani watan sai na yi tari a bakin ofishin oga kafin ya tuna. Lokacin mafi ƙarancin albashi 18,000 ne, saboda haka ina ganin kaina a sama da wani. Shekara uku na yi ina jiran a lura da ƙoƙarina. Ba a lura ba. Ba don oga mugu ne ba. Don ban taɓa ba shi dalilin da zai zauna ya yi lissafi ba.

Fara da littafi, ba da ƙorafi ba

Kafin ka buɗe baki ka ce a ƙara maka, sayi ƙaramin littafi na ɗari biyar, ka yi wata uku kana rubuta abu biyu.

A shafin hagu rubuta abin da aikin yake ci daga aljihunka. Kuɗin adaidaita sahu daga gida zuwa ofis, daga ofis zuwa kotun majistare ta Nomansland, daga can zuwa babbar kotun tarayya a Gyaɗi-Gyaɗi, a dawo. Katin waya da data da kake kiran masu shari'a da su. Wankin riga da guga, farar kwala da ake canzawa. Hoton takardu da ka biya da kuɗinka aka ce za a mayar maka. Kuɗin lasisin aiki da ake biya kowace shekara kafin 31 ga Maris, da kuɗin reshen ƙungiya, da na hatimi. Tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023 kuɗin mota kaɗai ya isa ya cinye rabin albashin wasu, kuma a Disambar 2024 hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin ɗari. Albashin da bai motsa ba tun 2022, a gaskiya rage shi aka yi, ko da lambar da ke jikin ambulan ba ta canza ba. Yaron nan da muka yi lissafi a mota, cikin dubu sittin ɗinsa, abin da yake komawa gida da shi bai kai dubu ashirin da biyar ba.

Shafin dama shi ne mai muhimmanci, kuma shi ne wanda kusan ba wanda yake cikawa. Rubuta duk abin da ka yi wa ofis. Ranar kaza, kotu kaza, shari'a kaza, ni kaɗai na tsaya. Na rubuta takardar ƙara. Na rubuta jawabin ƙarshe, shafi goma sha takwas, oga ya gyara layi huɗu ya sa hannu. Na je ofishin 'yan sanda na yi belin mutum biyu. Na je KANGIS, hukumar bayanan filaye ta Kano, na binciki fayil ɗin fili. Na kawo ɗan kasuwar Kwari da ya ba mu aikin karɓo bashi. Idan ka san abin da aka caja a kan aikin, rubuta a gefe. Idan ba ka sani ba, kada ka je kana leƙen littafin rasit a ɓoye. Ka rubuta aikin kawai.

Bayan wata uku za ka ga ɗaya daga cikin abu biyu. Ko dai ka ga kai ne kake ɗauke da rabin ofishin, ko kuma ka ga cewa yawancin kwanakinka ɗaukar jakar oga ne da neman a ɗage shari'a. Na biyun ba daɗin gani, amma gara ka sani. Wanda aikinsa bai wuce ya miƙe ya ce "Ya mai shari'a, muna roƙon wata rana" ba, kowa zai iya maye gurbinsa gobe da safe, kuma oga ya san haka. Idan a nan kake, abin da za ka fara nema ba kuɗi ba ne, aiki ne: a ba ka fayil guda ka riƙe daga farko har hukunci, a bar ka ka yi wa shaida tambayoyi.

Akwai kuma abin da ba ya shiga littafi amma dole a sa shi a sikeli. Akwai ofishin da albashinsa kaɗan ne, amma a shekara biyu za ka koyi abin da wani ba zai koya a shekara bakwai ba, saboda oga yana zama da kai, yana jan jan biro a kan rubutunka, yana tura ka kotun ɗaukaka ƙara. Wannan makaranta ce, kuma ana iya haƙuri da ita na ɗan lokaci. Na ce na ɗan lokaci. Kalmar "kana koyon aiki ne" tana da wa'adi. Idan ka shekara huɗu ana gaya maka ita, alhali kai kake koya wa sababbi, to ta zama abin rufe baki.

Leƙa aljihun oga kafin ka yi masa hukunci

Yanzu da nake biyan wasu albashi, na ga ɗaya gefen. Kuɗin ofishin lauya a Arewa ba kamar ruwan famfo yake zuwa ba, kamar ruwan sama yake. Wata guda a samu aikin fili na miliyoyi, wata uku a yi ta shari'o'in da masu su suka biya kashi ɗaya cikin uku suka ɓace, sai ranar zaman kotu su bayyana da "Barista, a yi haƙuri, kasuwa ce ba ta tafiya." Ga hayar ofis, ga man janareto, ga kuɗin rajistar rahotannin shari'a. Wani ogan da kake gani da babbar mota, bashin makarantar yara ne a kansa.

Wannan ba uzuri ba ne na biyan mutum abin da ba zai ci abinci ba. Wanda ba zai iya biyan lauya uku ba, ya ɗauki ɗaya. Amma sanin yadda kuɗin yake shigowa zai nuna maka irin abin da za ka roƙa. Oga yana tsoron ƙarin albashi na dindindin, domin ko an samu ko ba a samu ba sai ya biya. Ba ya tsoron ba ka kaso daga kuɗin da ya riga ya shigo. A nan ƙofar take.

Ranar magana

Kada ka tare shi a hanyar kotu yana neman fayil. Kada ka yi maganar a gaban sakatariya ko abokan aiki. Kada ka tura saƙon WhatsApp mai tsawo da tsakar dare. Ka jira makon da aka ci wata shari'a da ka yi wa wahala, ko aka biya wani babban aiki, ka same shi bayan la'asar lokacin da ofis ya yi shiru, ka ce kana neman minti goma.

Ga yadda tawa ta kasance a shekara ta huɗu, bayan wani babban yaya a aikin ya ja kunnena. Na shiga da takarda guda, ba littafin duka ba.

"Ranka ya daɗe, na zo ne in yi godiya, kuma in nemi shawara. Wannan shi ne abin da na yi daga Janairu zuwa Maris."

Ya sa tabarau ya duba. Zaman kotu talatin da ɗaya, jawabin ƙarshe uku, yarjejeniyar haya shida, mutum biyu da na kawo da kaina. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Duk kai ka yi wannan?"

Ba ƙarya yake ba, bai sani ba. Shi dai ya san aiki yana tafiya.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ina so in daɗe a nan, amma abin da nake ɗauka ba ya kai ni ƙarshen wata. Abu uku nake roƙo, ko wanne ya samu."

Lura da abin da ban faɗa ba. Ban ce wane a ofishin wane yana ɗaukar kaza ba. Wannan yana sa babba ya ji an raina shi, sai ya ce to ka koma can. Ban kawo maganar aure ko rashin lafiyar mahaifiya ba; wannan yana jawo kyautar dubu goma ta rana ɗaya, ba ƙarin albashi ba. Kuma ban yi barazanar tafiya ba, tunda ba ni da inda za ni. Barazanar da ba ka shirya cikawa ba, ranar da aka ce "Allah ya kiyaye hanya" za ka gane kurenka.

Abu ukun su ne: ƙari a kan albashi, da na faɗi lambarsa da bakina, kaso daga duk aikin da na kawo ofis da kaina, da kuɗin mota na kowane zaman kotu, a ba ni kafin in fita, ba bayan na dawo ba. Faɗin lamba yana da wuya ga Bahaushe, mun saba da "duk abin da ka gani." To duk abin da ya gani shi ne abin da yake ba ka tun farko. Ka faɗi lamba, ka ɗan ɗaga ta sama da abin da za ka karɓa, domin za a taya.

Ya ba ni ƙarin dubu goma kawai, amma ya yarda da kashi talatin cikin ɗari na aikin da na kawo, da kuɗin mota. A shekarar nan kason ya ninka ƙarin albashin sau da yawa. Kuskuren da na yi shi ne ban nemi a rubuta ba. Bayan wata takwas, da na kawo aiki mai ɗan kauri, sai kashi talatin ya koma "ai wannan ofis ne ya yi aikin." Ba sai ka kawo masa yarjejeniya mai shafi biyar ba, zai ji kamar ka maka shi a kotu. Ka tura gajeren saƙo a ranar: na gode da zaman yau, ga abin da na fahimta mun tsayar, ɗaya, biyu, uku. Idan ya amsa da "To, madalla," ka samu shaida.

Wasu abubuwan da ake iya roƙo idan kuɗi ya ƙi: ofis ya biya maka kuɗin lasisin shekara da na taron ƙungiya, a ba ka izinin yin ƙananan ayyukanka na kanka a fili, ba a ɓoye ba, a sa sunanka a takardun da ka rubuta, domin ranar da za ka nemi wani matsayi, shari'o'in da sunanka ya fito a ciki su za a ƙirga. Idan ofishin babba ne mai ma'aikata 15 ko fiye, dokar fansho ta 2014 ta wajabta a zuba maka kashi 10 cikin ɗari, kai kuma a cire 8 daga naka. Tambayi ko ana zubawa.

Ga 'yan'uwana mata, abu guda zan ƙara. Na sha jin ana cewa "ai ke mijinki yana yi miki komai," a ba ta ƙasa da na namijin da suka zo tare. Littafin nan ya fi yi muku amfani fiye da kowa, domin takarda ba ta san mace ko namiji ba. Kuma a tsayar da maganar hutun haihuwa tun kafin a buƙace shi.

Kuɗin da ba ya jiran ƙarshen wata

Gaskiyar da ba a faɗa a makaranta ita ce, a wannan yankin albashi ba shi ne yake riƙe lauya ba. Aikin hannunsa ne. Kuma aikin da ya fi saurin kawo kuɗi ba a kotu yake ba.

Yi rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni, a matsayin wakili. Tun da dokar kamfanoni ta 2020 ta ba mutum ɗaya damar buɗe kamfani shi kaɗai, 'yan kasuwar Singa da Dawanau da masu sayar da kaya a intanet suna buƙatar rajista don buɗe asusun banki da neman kwangila. Ƙungiyoyin unguwa, makarantun Islamiyya, gidauniyoyi, duk suna buƙatar rajistar amintattu. Kuɗin kowane ɗaya ba yawa, amma wanda ka yi wa rajista bana zai dawo baɗi don rahoton shekara, kuma ranar da ya samu matsala da mai gidan haya, lambarka ce a wayarsa.

Sai takardun fili da gida. A nan ne lauyoyi suke zubar da kuɗinsu da hannunsu. Dokar kuɗin aikin lauyoyi ta 2023, wadda ta maye gurbin ta 1991, ta raba jihohi gida uku, Legas da Abuja a sama, su Kano da Kaduna da Katsina a rukunin ƙasa, ta kuma bambanta kuɗin lauyan da bai kai shekara 10 ba da na wanda ya haura, da na mai muƙamin SAN, wato Babban Lauyan Najeriya. A cinikin kadarar da ba ta kai naira miliyan 50 ba, mafi ƙarancin abin da ta yanka wa lauya kashi 10 cikin ɗari ne. Na san abin da za ka ce: wa zai ba ka miliyan biyu a kan gidan miliyan ashirin a Kano? Da wuya, gaskiya. Amma dubi abin da ke faruwa: dillali ya karɓi la'adarsa cas a wurin, ba wanda ya yi masa musu, kai kuma da ka binciki fayil, ka gano ko akwai jinginar banki a kai, ka rubuta takardar da za a nemi amincewar gwamna da ita kamar yadda dokar filaye ta 1978 ta tanada, a miƙo maka dubu ashirin a ce "ga na goro." Ka buga shafin dokar ka ajiye a teburinka. Ko ba a kai ga abin da ta ce ba, ciniki zai fara daga sama ne, ba daga na goro ba. Kuma duk lauyan da yake karɓar dubu biyar ya buga hatiminsa a takardar da wani mai shagon kwamfuta ya rubuta, shi ne yake karya farashin kowa, har da nasa.

Ka koyi faɗin kuɗinka kafin ka fara aiki, kuma a rubuce. Rabin kuɗi kafin a shigar da ƙara, sauran a kashi-kashi da aka ɗaura wa matakan shari'a, kuɗin zuwa kotu daban. Idan mutum ya ƙi biya, doka ta ba ka hanya: ka kai masa takardar cajin aiki dalla-dalla da sa hannunka, ka jira wata guda, sannan kana iya ƙararsa. A shari'ar karɓo bashi ko diyya, ana iya yarjejeniya a kan kaso daga abin da aka karɓo. A shari'ar laifi ba a yin haka.

Dangi da 'yan unguwa kuwa, wannan sai an yi dabara. Ba za ka caji kawunka kuɗin shawara ba, za a yi da kai a gidan biki. Abin da nake yi shi ne in ce, "Kawu, aikina kyauta ne, amma kuɗin kotu da na mota da na takardu kaza ne." Abokin kawu kuma ba kawu ba ne.

Akwai layukan da ba a tsallakawa ko yunwa ta kai ina. Kuɗin da aka biya wanda kake wakilta ta hannunka amana ne, ba rance ba; da yawa daga cikin waɗanda kwamitin ladabtar da lauyoyi ya cire sunansu, a nan suka zame, da niyyar "zan mayar kafin ya tambaya." Kada ka raba kuɗin aiki da 'yan kamasho da ke yawo a harabar kotu da ofisoshin 'yan sanda, ƙa'idar aiki ta hana. Kuma kada ka zagaya ka janye wa ogan ka mutanensa. Garin ƙarami ne, kowa ya san kowa, kuma wannan tabon ba ya fita.

A san ka da abu guda

Lauyan da yake yin komai, farashinsa farashin kowa ne. Wanda aka sani da abu guda, shi ake nema da suna. Ba sai ka je Ingila karatu ba. Dubi abin da ke kusa da kai. Rabon gado da shari'o'insa a kotunan Musulunci ba sa ƙarewa, kuma lauyan da ya iya lissafin gado da gaske, ya san fiƙihun Malikiyya, ya kuma san yadda ake ɗaukaka ƙara, ba shi da yawa kamar yadda ake zato. Bankunan da ba sa ta'ammali da ruwa, Jaiz da ya fara aiki a 2012, TAJ a 2019, Lotus a 2021, da sukuk, wato takardun zuba jari marasa ruwa, da gwamnatin tarayya ta fara fitarwa a 2017, duk suna buƙatar wanda ya iya rubuta yarjejeniyar murabaha (sayarwa da ribar da aka bayyana) da ijara (haya) da harshen dokar Najeriya. Wanda ya yi digirin haɗin shari'ar Musulunci da dokar zamani a Bayero ko Zariya yana zaune a kan abin da bai san darajarsa ba. Ga sababbin dokokin haraji da aka sa wa hannu a 2025, ga dokar kare bayanan jama'a ta 2023, ga dokar sulhu da sasanci ita ma ta 2023. Duk sabuwar doka tana daidaita babba da ƙarami na ɗan lokaci, domin kowa sabon shiga ne a cikinta. Wanda ya riga karantawa ya riga ci.

Shari'o'in zaɓe suna da kuɗi, amma damina ce mai zuwa bayan shekara huɗu, kuma manya ne suke kwashe yawanci. Idan an saka ka a tawaga, ka tsayar da naka kason kafin a fara, ba bayan an rantsar da wanda ya ci ba, lokacin da wayarsa ta daina shiga.

Idan duk an yi bai yiwu ba

Wani lokacin ƙarin albashi yana wani ofishin ne. Ma'aikatar shari'a ta jiha albashinta ba ya sa mutum arziki, amma yana zuwa, akwai fansho, kuma za ka tsaya a manyan shari'o'in laifi da wuri. Sashen shari'a na banki ko kamfani ya fi biya, sai dai ka sani lauyan da yake ɗaukar albashin kamfani ba ya tsayawa a kotu a madadin kamfanin, saboda haka idan kotu ce ranka, za ka yi kewarta, kuma shekarun ba za su taimaka maka wajen neman SAN ba, wanda ake nema bayan shekara 10 da tarin shari'o'in da aka kammala. Manyan ofisoshin Legas da Abuja suna biyan ninkin abin da ake biya a nan, amma ka cire hayar ɗaki a can da kuɗin mota kafin ka yi murna. Na san waɗanda suka tafi suka dawo bayan shekara biyu da ƙwarewa mai kyau da aljihu wayam.

Buɗe naka ofishin shi ne mafarkin kowa. Shawarata kada ka buɗe don fushi. Ka buɗe ranar da littafinka ya nuna cewa aikin da kake kawowa da kanka ya kai ya biya haya da cefane na wata shida a jere. Kuma ka fita ta ƙofa, da sallama da godiya, ka miƙa kowane fayil da bayanin inda ya tsaya. Tsohon ogana, wanda muka yi ta ja-in-ja a kan kashi talatin, shi ne ya fara turo mini aiki a watan da na buɗe, wata shari'ar haya da ya ga ta yi masa ƙanƙanta.

Yaron nan na sakatariyar Audu Bako mun sake haɗuwa bayan wata biyar, a layin biyan kuɗin shigar da takardu. Ya ce ya yi littafin, ya shiga ya yi magana, gabansa yana faɗuwa. An mayar da shi dubu tamanin, an yarda da kashi ashirin da biyar a kan abin da ya kawo, kuɗin mota kuma oga ya ce zai duba. Na tambaye shi ko ya tura saƙon nan na tabbatarwa. Ya sosa ƙeya, ya ce yana jin nauyi. Na karɓi wayarsa, na buɗe masa wurin rubutu, na miƙa masa, na ce ya rubuta ina tsaye, layin ma bai motsa ba.